Jan Ɗigo

Ina buɗe ƙofa da ƙarfe goma,
ba don wani zai zo ba,
makullin ne ya saba da hannuna.
Titin nan namu na Atina yana rufe idanu ɗaya bayan ɗaya:
mai takalma ya tafi, mai gyaran agogo ya bi shi.
Saura ni da Stamatis mai burodi.
Shi yana sayar da abin da ciki ke nema,
ni abin da bango ke nema,
bango kuwa ba ya kukan yunwa.

Fitila goma sha biyu ce a rufin ɗakin nan.
Huɗu nake kunnawa.
Zane-zanen suna ganin haske bi da bi,
yau teku, gobe tsohuwa mai ɓare lemo.

A aljihun tebur akwai naɗin jan ɗigo,
irin wanda ake mannawa gefen zanen da aka saya.
Da can, a dare guda,
bango kan fito kamar mai ƙyanda.
Yanzu gam ɗin ya bushe.

Masu saye na da, su ne masu sayarwa.
Ranar Talata Vlasis ya shigo, likitan haƙori,
da zane naɗe cikin zanen gado,
ya rungume shi kamar mai kai jariri asibiti.
Ni na sayar masa, shekara tara ke nan:
jirage uku a tashar Piraeus da asuba,
na tsakiya ya karkata.
Ya ce mutane sun daina gyara haƙori, cirewa kawai suke yi.
Ya ce ɗansa zai tafi Jamus neman aiki.
Bai faɗi farashi ba.
Takalminsa na kalla, na san farashin.

Myrto, akawuna, ta ja mini kunne:
kada ki sayi ko ƙusa.
Na kai awarwaron mahaifiyata wurin masu sayen zinariya,
su kaɗai shagunansu ke haihuwa a garin nan.
Suka ɗora shekara arba'in na aurenta a sikeli,
suka ce giram ashirin da shida.

Zane goma sha ɗaya na tara a hunturun bana.
Ana cewa ungulu ce ni,
ina sauka inda gida ya mutu.
Ban ƙaryata ba.
Na saya da araha, na kuma yi barci a daren.
Sai dai na rubuta sunan kowane mai shi a bayan katako
da fensir, ban san dalili ba.

Vlasis yana zuwa duk Alhamis.
Ba ya gaisuwa mai tsawo.
Yakan tsaya gaban jiragensa, hula a hannu,
kamar mai ziyarar ɗan kurkuku.
Ya ce a falonsa bango ya bar shaida,
wani fili mai haske, kusurwa huɗu,
matarsa ta rataye kalanda a wurin,
kalandar ba ta kai ba.

Jiya wani baƙo ya zo, rigarsa na ƙanshin filin jirgi.
Ya ji an ce ƙasar na gwanjon kanta.
Ya zaga, ya tsaya gaban jiragen,
ya taya ninki uku.
Kuɗin haya na wata biyar ke nan, har da wuta.
Bakina ya bushe.

Na ce ya jira.
Na tsallaka wurin Stamatis, na roƙi ɗan ƙullu a yatsa,
na dawo, na ciro jan ɗigo ɗaya,
na shafa, na manna.
An saya, na ce.
Wa?
Mai shi bai gama biya ba.

Myrto ba ta yi mini magana tun jiya.
Takardar kuɗin wuta na kan tebur,
na ɗora kofi a kanta.
Yau fitila uku zan kunna.
Alhamis ce, na san wadda ba zan kashe ba.